Sawun da Zabi Suka Ɓata

An sauko daga Juma'a ke nan aka tarar da turke babu sa.

Ba ƙaramin sa ba ne kuwa. Bajimi ne ja, ɗan Azawak, wanda Alhaji Sharifu dillalin shanu ya bayar kyauta don a miƙa wa wanda ya kayar da kowa a kokowar Makon Ƙonni. Shekara bakwai ke nan 'yan garin da ke karatu a jami'o'in Yamai da Tawa da Maraɗi suna dawowa dogon hutun damina su haɗa wannan biki: yau sharar gari, gobe ƙwallo, jibi wasan kwaikwayo, ranar Asabar a rufe da kokowa. Mutane na zuwa daga Malbaza da Illela, har daga tsallaken iyaka. Bana ce aka fara samun kyautar sa, don murna har hotonsa aka buga a bayan riguna. Ɗaliban suka ɗaure shi a bayan lakwal, wato makarantar da suka ara suka mai da ita buro, ofishin biki, suka ɗauki Takama gadinsa.

Shi Takama ya taɓa yin shekara huɗu a gidan kaso kan satar shanu. Shekara goma sha tara ke nan da abin, amma Ƙonni ba ta manta ba, ba ta kuma da niyyar mantawa. Kaza ta ɓata a unguwa, Takama. An ɗauke takalmi a masallaci, ina Takama yake a lokacin? Baƙin jini irin na muzuru, mai kaza zagi, marar kaza zagi. Saboda haka da ya dawo daga masallaci da tabarmarsa a hammata, ba wanda ya tsaya tambaya. Kafin jandarmomi su iso an fasa masa baki, an zubar masa da haƙori guda.

Ajidan Habibu, babban jandarman da ke kula da bikin, ya ƙwace shi da ƙyar ya kulle shi a wani aji. Ya ce da taron, "Gobe kafin a buɗe kokowa, ko a gano wanda ya ɗauki san nan, ko in wuce da wannan." Kowa ya san inda zai wuce da shi, kowa kuma ya san mai tsohon laifi in ya koma ciki ba ya fitowa da wuri. Sannan Ajidan ya aika da babur a ɗauko Ƙasimu Mai-Sawu.

* * *

Ƙasimu bai so zuwa ba. Shekara arba'in yana bin sawun dabbobin sata, tun yana saurayi a Tajaye, abin da ya tara kuwa ciwon gwiwa ne da ido mai zubar ruwa. Ya gaji da kallon ƙasa, ya gaji da mutane, ya fi gajiya da irin fuskar da mutum kan yi idan aka nuna shi a bainar jama'a. Da ba don an ce Takama ba ne, da bai tashi daga tabarmarsa ba. Shi ya kamo Takama wancan karon, kuma tun daga ranar, duk jifan da gari ya yi wa mutumin nan sai ya ji da hannunsa a ciki.

Da ya sauka a bayan lakwal ya dubi gindin turken, sai ya ja dogon tsaki. Ba abin da ke wurin sai ƙafafun 'yan kallo, da takalmin roba iri ɗaya da ɗalibai sittin suka saya don biki.

Ya ce, "Gari duk ya zo ya yi rawa bisa wuri, sannan a kira mai sawu. Ku da kunka yi jami'a, haka anka koya muku?"

Bai ɗaga kai ba ya san wanda ke tahowa ta bayansa, don diddigen hagu yana ɗan jan ƙasa. Tun mai ƙafar yana shekara shida ya faɗo daga amalanke, maɗori ya ɗora ta, ta warke sarai a idon kowa ban da idon ubansa. Abdurrazak ne, shugaban ɗaliban na bana, wanda gari duk ke kira Perzidan. Ɗan farin Ƙasimu ne, wanda aka samu bayan shekara goma sha ɗaya ana jiran haihuwa. Kuma saboda kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, Ƙasimu bai taɓa kiran sunansa da bakinsa ba. Ranar suna ma gona ya fice ya yini. "Yaron nan" yake cewa, in ta matsa ya ce "kai". Ko ranar da aka zo yi masa barka da shigar ɗan jami'a, cewa kawai ya yi, "To, madalla," ya shige ɗaki ya turo ƙofa don kada a ga fuskarsa.

Abdurrazak ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ce, "Baba, da ba su tashe ka ba. Ga gwiwarka."

"Gwiwata ta gode. Ina ƙohwar baya?"

Ƙofar baya ɗan tsagi ne a katanga, yana fita kan wata siririyar hanya da ta ratsa gonakin gero. Nan ba a taka sosai ba. Amma an share ta da reshen sabara har inda ido ya kai, kuma zabin maƙwabta kusan talatin suna bisa hanyar suna tsince-tsince. Ƙasimu ya kore su da sanda, ya durƙusa da ƙyar, ya tsinci wani abu fari ya murza a yatsa. Shinkafa ce dafaffiya.

Ya san wannan aikin. Shekara goma sha tara da suka wuce, ɓarawon da ya kwashe shanu uku a wajen Malbaza haka ya yi: ya share sawu, ya watsa wa zabi hatsi a kai, suka tone ƙasar suka gama masa aiki. Kwana biyu Ƙasimu yana kewaya kafin ya tsinci sawun a gaba. Ɓarawon nan Takama ne. Ko gaban alƙali Ƙasimu bai faɗi dabarar ba, don kada ya buɗe wa ɓarayi lakwal kyauta.

Ajidan ya tambaye shi ko ya ga wani abu.

Ya ce, "Na ga zabi."

* * *

Kafin ya miƙe an riga an kawo masa zargi biyu. Wasu suka ce ai Alhasan mahauci tun jiya yake cewa san nan ya fi dacewa da tukuba, ga shi yau namansa ya yi yawa. Wasu suka ce 'yan kokowar Illela ne, wai bokansu ya ce in ba a kawar da san ba, ba su da nasara. Ƙasimu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba don ya yarda ba, sai don ƙafarsa ba ta son zuwa ajin da Takama yake.

Ya tarar da Alhasan a bakin filin biki, hayaƙi ya rufe shi, yana yayyafa yaji.

"Sannu da aiki, Sarkin Pawa na gobe. An ce ka yi arzikin nama."

Alhasan ya yar da wuƙa bisa teburi. "Haba, Baba Ƙasimu. Don na yaba sa da baki? In yabo sata ne, Ƙonni duk sai a kai ta kaso. Ga hwatun nan, duba."

Fatun raguna uku ne da na akuya ɗaya, jini bai bushe ba. Ƙasimu ya juya naman da tsinke, bai ga ko tsoka ɗaya ta sa ba. Kuma mutum ɗaya ba ya yanke bajimi ya feɗe ya ɓoye ƙashi da kai cikin tsawon huɗuba, ko aljani ne shi.

Alhasan ya sassauta murya. "Kai ma ka san wanda ya yi. Mai hali ba ya barin halinai."

'Yan Illela kuwa ba su ɗauke shi lokaci ba. Su bakwai ne, kowanne kamar rumbu, kuma sahun gaba suka yi salla, liman da kansa ya yi musu addu'a. Babbansu ya ce, "Baba, sa da za mu ja gobe gaban jama'a da kiɗi, mi za mu yi da shi yau ta ƙohwar baya?" Ƙasimu ya ga gaskiyarsa, ya karɓi goron da suka miƙa masa ya wuce.

Saura ajin nan dai.

* * *

Takama na zaune a ƙasa tsakanin bencina, ya danne baki da gefen rawani. Ya tsufa fiye da shekarunsa. Da ya ga mai shigowa sai ya gyaɗa kai.

"Ƙasimu. Sun kira ka kuma."

"Sun kira ni."

"To, zo ka idda aikinka."

Ƙasimu ya zauna a benci ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Ya ce, "An share hanyar baya da sabara, Takama. An watsa ma zabi abinci bisa."

Takama ya ɗago kai. Ya tambaya, "Mi anka watsa?"

"Shinkafa. Dafaffiya."

Sai ga Takama yana dariya, dariyar da ta sake buɗe masa leɓe. "Subhanallahi. Ni zan watsa shinkafa? Gero nika watsawa, Ƙasimu. Gero shina shigewa ƙasa, dole zabuwa ta tona kahin ta same shi, tonon nan shi ne aikin. Shinkafa dafaffiya hwara ce tas, bisa take zama, tsince ta za su yi su wuce. Wanda ya yi wanga abu labari ya ji, bai taɓa yi ba."

Gaskiya ne, kuma Ƙasimu ya ji kunyar rashin lura. Zabin da ya kora tsinta suke, ba tono ba. Layukan sabarar ma suna nan kwance ba abin da ya taɓa su.

Takama ya goge jini, ya dube shi ido cikin ido. "Mu biyu munka san dabarar ga a duniya. Ni kunya ba ta bar ni na hwaɗa ma ko matata ba. Kai fa, wa ka ba labari?"

Mutum ɗaya ne. Wata rana ce a gona, an huta a gindin gawo, yaro ɗan shekara goma yana ta tambayar yadda ake gane sawun jaki mai kaya da marar kaya. Uban da ba ya iya kiran sunan ɗansa, ba ya iya ɗaukarsa a kafaɗa gaban mutane, abin da yake da shi ke nan na nuna so: ya ba shi labari. Ya ba shi na ɓarawo da zabi, yaron ya yi ta dariya har da kwanciya a ƙasa.

Ƙasimu ya janyo ƙafar da ya miƙe. Ya ce, "Wa ya sallame ka ka tahi masallaci?"

Takama ya kawar da kai. "Tun da sahe san nan bai yi tuƙa ba, cikinai kamar ganga. Na hwaɗi. Anka ce in tahi in yi salla, za a kula da shi."

"Wa ya ce?"

"Wanda ya ba ni gadin ga lokacin da komite duk sunka ce a'a. Ya tsaya mini gaban su duka, ya ce mutum ya biya laihinai. Shekara goma sha biyar ban ji wanda ya hwaɗi haka ba." Ya jingina da bango ya rufe ido. "Ba ni hwaɗin komi, Ƙasimu. Kaso ba baƙona ba ne. Shi kuwa saura mai shekara guda ya ƙare karatu."

* * *

A gefen filin lakwal aka kafa murhu. Raihanatu, ɗalibar da ke shugabantar masu girki, tana tsaye kan manyan tukwane da takarda a hannu. Ta kawo masa kujera, ta kawo ruwa, tana ta kiransa Baban Perzidan.

Ya ce, "Ɗiyata, jiya kun yi shinkafa?"

"Mun yi, Baba. Jiya ce ranar cin abincin gari, sai yayyafi ya hana mutane da dama zuwa. Ta yi saura sosai. Perzidan ya ce ba za a zubar da abinci ba a garin da wasu ba su ci ba. Muka rarraba cikin unguwa, wadda ta fara tsami kuma ya ce a kai wa sa, ya ƙara ƙiba kafin Asabar."

"Kamar yaya yawanta?"

"Daro uku." Ta yi murmushi. "Tas ya cinye, har yana lasar daron. Malam Takama ya tafi ɗauko harawa lokacin, da ya ga yadda muka hutar da shi."

Ƙasimu ya dube ta, ya dubi sauran da ke tsaye da rigunan hoton sa. Jikokin manoma ne dukansu, wasu ma jikokin makiyaya. An kai su lakwal sun san sunan kogunan ƙasashen da ba za su taɓa zuwa ba, amma ba ɗaya a cikinsu da ya san daro uku na shinkafa da mai kashe sa yake. Ya so ya yi faɗa, ya ga ba shi da ƙarfin faɗan.

"Yaron nan ya zo nan yau?"

"Ya zo dab da Juma'a, ya karɓi kwalbar man gyaɗa. Ban tambaye shi ba. Baba, wani abu ne?"

"Allah shi yi miki albarka," ya ce, ya tashi.

* * *

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya fita ta tsagin katanga shi kaɗai. Bai tsaya kan sharar ba. Ya yi abin da ya yi shekara goma sha tara da suka wuce: ya bar hanya, ya ratsa gero ya kewaya gaba. Mai shara ba ya shara har abada, hannu kan gaji. Bayan gona ta uku sawun ya fito fes a ƙasar damina, kamar an rubuta.

Sawun sa ne marar lafiya. Taku gajere, ƙafafu a wawware, nan ya tsaya, can ya yi tangaɗi, ga kumfar baki ta bushe a kan ciyawa. A gabansa kuma takalmin roba ne irin na ɗalibai sittin, mai shi yana ja da igiya yana waiwaye. Diddigen hagu yana ɗan jan ƙasa.

Ƙasimu ya tsaya a kansa ya daɗe. Shekara ashirin da huɗu yana karanta wannan sawun a tsakar gida kowace safiya, ya san ko mai shi ya fita da murna ko da fushi. Ko cikin sawu dubu zai tsince shi.

Hanyar ba ta kasuwa ba ce, ba ta iyaka ba. Ta rugar Fulanin da ke bayan korama ce. Magani ya tafi nema. Ba su kai ba. A cikin wani kwazazzabo ya tarar da san, an lulluɓe shi da rassa, ciki ya kumbura, ƙafafu sun miƙe. Kwalbar man gyaɗa na gefe babu komai a ciki. Kusa da kan san akwai gurbin gwiwoyi biyu da suka nutse cikin yashi. Mai su ya daɗe a durƙushe a wurin.

Sawun komawa da gudu ya fara, irin gudun mai zuwa kiran mutane. Sai ya koma tafiya. Sai ya tsaya a gindin wata sabara ya yi ta juyi wuri ɗaya, gaba da baya, gaba da baya. Ga inda aka karya reshe, ɗanye shar.

Ƙasimu ya ce a fili, "A nan ka ɓata, yaron nan."

Iska ta taso. Da ya ɗaga kai ya ga hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin. Ya zauna a bakin kwazazzabon, don gwiwar ta ƙi ɗaukarsa. Ba sai ya yi komai ba. Ba sai ya sa ƙafa ya goge ba, ba sai ya yi ƙarya ba. Zama kawai zai yi. Ya kuwa zauna, yana kallo ɗigon farko ya faɗa cikin sawun diddigen nan, na biyu ya bi, har ruwa ya kece ya mai da hanyar duk laka. Ya ji sanyi a ransa da ruwan nan, kuma ya ji kunyar sanyin da ya ji.

Ya isa gida jiƙe sharkaf ana kiran magariba. Matarsa Shatu ta kawo masa busasshiyar riga da tuwo, ta tsaya.

"Ka ga wani abu?"

"Ruwa ya wanke."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan, Malam." Ta ƙara da cewa, "Wancan yaron ma tun rana bai sa komi a bakinai ba. Na aika mai da hura, an maido ta yadda take."

Ta ɗauke tuwon daga baya, shi ma yadda ta kawo shi.

* * *

Da hantsin Asabar gari ya cika. Tun daga lakwal ana jin gangunan kokowa da lasifika na kiran unguwanni. Ƙasimu ya ce da Ajidan a tara masa mutane a ajin da Takama yake. Aka kira Alhaji Sharifu mai sa, da Alhasan mahauci, da babban 'yan Illela, da Raihanatu da sauran 'yan komite. Abdurrazak ya zauna a bencin gaba da littafi a buɗe da biro a hannu, kamar mai shirin rubuta abin da za a ce.

Ƙasimu bai zauna ba, ya dogara da sanda. Ya ce, "Ba a saci sa ba. Mutuwa ya yi. Shina kwazazzabon da ke kan hanyar ruga, a tahi a gani. Shinkafa daro uku anka ba shi, cikinai ya kumbura."

Raihanatu ta dafe baki.

"Ba ke ba ce, ɗiyata, rashin sani ne, kuma rashin sani ba sata ba ne. Wani ya ga san shina mutuwa, ya ja shi zai kai ruga a yi mai magani. Ya ɗura mai man gyaɗa, ya yi iyakar yinai, Allah bai nuhwa ba. Har nan ba laihi. Laihin a hanyar komawa yake. Ya ji tsoron a ce ɗalibai sun kashe san biki da hannunsu, sai ya share sawu don a ce ɓarawo ne. Gari kuwa shina da ɓarawonai ajiye. Anka kama bawan Allah anka yi ta duka, shi kuma yana tsaye."

Alhasan ya ce, "To ai Takama ne mai gadi. Ya ja shi, ya mutu a hannunai."

Ajidan Habibu ya murza ido, shi ma bai yi barcin kirki ba tun da aka fara bikin nan. Ya ce, "Malam Ƙasimu, sawun yana nan in gani?"

"Ruwa ya wanke shi."

"To bakinka kaɗai ya rage. Gari na waje yana jira. Ni suna nake so. In ba suna, mai gadi ne ke da amsa."

Ƙasimu ya dubi allo, ba mutane ba. Ya ce, "Mai abin shina cikin ɗakin ga. Ya tashi da kainai, ya hi."

Ba wanda ya motsa. Ganga na ta tashi daga fili.

"Ya tashi, don Allah."

Ta gefen ido yana ganin biron nan a kan takarda, bai rubuta ko harafi ba. Sai ya ji motsi a bayan aji. Takama ne ke miƙewa, yana dafa bango.

"Ajidan, a bar wahal da mutane. Mu tahi. Ni ne na..."

"Abdurrazak."

Da ƙyar sunan ya fito daga bakin Ƙasimu, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. 'Yan komite ba su gane komai ba tukuna. Amma Alhaji Sharifu, da ya san Ƙasimu shekara talatin, ya sunkuyar da kai ƙasa, Takama kuma ya koma ya zauna ya rufe fuska da rawani.

Abdurrazak ya ɗago. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunan nan a wannan muryar ba. Ya sha tunanin ranar da zai ji, ko ranar da ya karɓo takardar gama karatu, ko ranar aurensa. Biro ya faɗi ƙasa. Ya miƙe tsaye, hawaye na zuba.

"Na'am, Baba."

"Hwaɗa musu."

Ya faɗa, bai rage komai ba. Da ya zo kan dukan da aka yi wa Takama sai ya juya wajensa. Ya ce, "Na buɗe baki zan yi magana, na ga mutane, na ga rigunan nan da hoton san a baya, na kasa. Na ce bari gobe. Wallahi kowace sa'a cewa nake bari an jima." Ya tafi ya durƙusa gaban Takama.

Alhaji Sharifu ya yi gyaran murya. "Sa na Allah ne, na yahe. Amma haƙorin bawan Allah ga ba nawa ba ne, balle in yahe shi."

Takama ya ce, "Tashi, Perzidan. Ni na yahe tun jiya."

"Bai isa ba," in ji Ƙasimu. Muryarsa ta koma ta gajiyayyen tsoho. "Ɗakin ga mutum goma sha biyu ne. Waɗanda sunka doke ka suna waje, su dubu. In ba su ji ba, gobe akuya ta ɓata, kai ne." Ya juya wajen ɗansa, bai kai ga dubansa ba. "Akwai lasifika a hili. Kahin a buɗe kokowa."

Ajidan ya rufe littafinsa ya ce zai ɗauki bayani bayan an tashi, ya buɗe wa Takama ƙofa da hannunsa.

* * *

Ƙasimu bai tsaya kallo ba. Ya bi bayan kasuwa da sandarsa, yana kauce wa taɓo. Ya kai wajen masu faci ke nan ganguna suka yi shiru, lasifika ta yi ƙara, muryar ɗansa ta biyo shi bisa rufin gidaje. Ta faɗi sunanta da na ubanta, ta faɗi shinkafa, ta faɗi sabara, ta faɗi sunan Takama sau uku. Masu facin suka ajiye aiki suna saurare, ɗaya ya dubi Ƙasimu ya yi saurin kawar da kai. Daga baya ganguna suka dawo, don biki ba ya tsayawa saboda mutum ɗaya.

Gwiwar ta sa ya zauna a dakalin wani masallaci har rana ta karkata. Da ya tashi ya kama lungun gida, sai ya ji taku a bayansa, nesa kaɗan, ba ya matsowa ba ya ja da baya. Diddigen hagu na ɗan jan ƙasa.

Bai waiwaya ba. Ya dai rage sauri.